Talabijin, Aljihu da Tebur: Mazauni Uku na Wasan Gem

    

Yau za mu yi magana a kan wasan bidiyo, wanda yaranmu ke kira gem. Na san wani zai ce, ina ruwan babba da wasan yara? Ku yi haƙuri ku saurara. Wasan nan ya riga ya shigo gidajenmu. Yana cikin wayar ɗanka. Yana shagon da ke bakin layinku. Yana cin kuɗi, yana cin lokaci, wasu kuma da shi suke ciyar da iyali. Abin da ya kai haka ya cancanci a fahimce shi.

Akwai musun da ba ya ƙarewa a majalisar matasa. Wannan ya ce PlayStation ce gaba. Wancan ya ce kwamfuta ta fi. Na uku ya zaro wayarsa, ya ce shi wannan ta ishe shi. A yi ta ja har dare ya raba.

To, ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko. Kowace na'ura an ƙera ta ne domin wani irin zama. Zaman nan kuwa shi ke tsara wasan. Ina za ka zauna? Da wa za ka zauna? Zaman zai yi tsawo ko gajere ne? Amsar waɗannan ita ke yanke kamannin wasan da ke gabanka. Mazaunan guda uku ne: gaban talabijin, cikin aljihu, da kan tebur. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da na gaban talabijin.

Wannan ita ce akwatin gem da ake jonawa da talabijin. PlayStation ta kamfanin Sony, Xbox ta kamfanin Microsoft, da na'urorin kamfanin Nintendo. Shi Nintendo tsohon hannu ne. An kafa shi a birnin Kyoto na ƙasar Japan tun 1889, kuma da buga karta ya fara. A 1983 ya fitar da na'urar Famicom, wadda ta kai wasan Mario gidaje masu ɗimbin yawa. Sony ta shigo fagen a 1994 da PlayStation ta farko, mai amfani da faifan CD maimakon kaset. Microsoft ta biyo baya a 2001.

Me ya bambanta akwatin talabijin? Abu na farko, cikinta iri ɗaya ne a ko'ina. PlayStation 4 da ke Kano da wadda ke Tokyo, kayan cikinsu ɗaya ne. Mai ƙirƙirar wasa ya san ƙarfinta, ya san iyakarta. Kamar tela ne da ya auna mutum da hannunsa. Ya san faɗin kafaɗa, ya san tsawon hannu, don haka rigar za ta zauna daidai. Mai yi wa kwamfuta wasa kuwa yana ɗinki ne don kasuwa, bai san wanda zai saka ba. Shi ya sa akwatin talabijin ba ta da yawan rigima. Ka jona, ka kunna, ka buga.

Abu na biyu, an yi ta ne don wanda ya zauna nesa da allo. Ka lura da rubutun da ke fitowa a wasannin PlayStation. Manya ne. Zaɓin da ake ba ka kaɗan ne, a jere, yadda za ka bi su da babban yatsa. Komai an taƙaita shi zuwa maɓallan da ke kan hannun wasa guda ɗaya.

Abu na uku, kuma shi ya fi daɗa ni da ƙasa, an yi ta ne don taro. Talabijin ɗaya, hannu biyu, 'yan kallo kuma iya waɗanda ɗaki ya ɗauka.

Ku leƙa shagon gem na unguwa da yamma, a Kano ne ko Kaduna, a Maraɗi ne ko Damagaram. Benci a jere. Talabijin uku ko huɗu a jikin bango. Janareto na ruri a waje. Yara biyu riƙe da hannu, idanunsu ƙur a kan ƙwallo. Bayansu mutum shida a tsaye, kowa ya zama koci. Wannan na cewa a ba da fasin, wancan na cewa a buga kawai. Maɓalli ɗaya na hannun ya sha latsa har ya fara maƙalewa, kuma kowa a shagon ya san wane hannu ne, kowa na gudunsa. Aka ci ƙwallo, ɗaki ya kaure da ihu. Wanda aka cire ya miƙa hannu ga na gaba, ya koma cikin 'yan kallo yana kawo uzuri. Mai shago na gefe da littafinsa, yana lissafin wasa nawa aka buga.

Masu sauraro, wannan shi ne gidan akwatin talabijin na asali. Shi ya sa wasannin ƙwallo irin su FIFA da PES, da na dambe irin su Mortal Kombat, suka samu gindin zama a wurinmu. Wasa ne na minti kaɗan, na mutum biyu, mai daɗin kallo. Na'urar ta dace da irin zamanmu na jama'a.

Amma akwai farashin wannan sauƙin. Akwatin talabijin gida ne mai ƙofa ɗaya, makullin kuma yana hannun kamfani. Ba wasan da zai shiga sai da izininsa. Kamfanin kan sayar da na'urar da 'yar riba kaɗan, wani lokaci ma da asara, sannan ya fanshe a kan kowane wasa da aka saya. Shi ya sa wasanninta ke da tsada. Shi ya sa ake riƙe wasu wasannin a gida ɗaya. Mai son sabon Mario ko Zelda, sai ya nemi na'urar Nintendo. Kuma yawancin wasannin da ake bugawa da mutanen nesa ta intanet, sai an biya kuɗin rajista na wata-wata. Bayan shekara shida ko bakwai kuma, sabuwa ta fito, tsohuwa ta fara ja da baya.

Wannan ke nan game da mazauni na farko. Sauƙi da taro, amma ƙofa a hannun kamfani.

Yanzu mu koma mazauni na biyu, wato aljihu.

A nan akwai wani mutum da ya kamata mu ambata. Sunansa Gunpei Yokoi, injiniya a kamfanin Nintendo. Shi ya jagoranci ƙera Game Boy, wadda ta fito a 1989. Idan ka ga Game Boy ta farko, ba za ta burge ka ba. Allonta ƙarami ne. Ba shi da launi, sai wani kore-kore da baƙi. Shekara guda bayan haka, kamfanin Sega ya fitar da tasa, Game Gear, mai allo mai launi da haske. A ido, ta Sega ta fi kyau nesa ba kusa ba.

To wa ya ci kasuwa? Game Boy ce. Dalili kuwa batir ne. Game Gear na shan batir shida, kuma cikin 'yan sa'o'i kaɗan ta shanye su. Game Boy batir huɗu take ɗauka, kuma ta kai ka dogon lokaci. Tana da arha, tana jure faɗuwa. Yokoi ya gane abin da matafiyi ke bukata. Mutumin da ke cikin jirgin ƙasa ko mota, na'urar da ba za ta mutu a hannunsa ba yake so. Ƙawa ta zo daga baya. Game Boy da ƙanwarta mai launi sun sayu fiye da miliyan 100.

Ku dubi kuma wasan da ya ɗaga ta. Tetris ne, wanda wani masanin kwamfuta, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙira a birnin Mosko a zamanin Tarayyar Sobiyat. Tubala na faɗowa, kana jera su. Ba dogon labari, ba dogon bayani. Za ka iya bugawa na minti biyar ka ajiye. Wannan shi ne halin wasan aljihu. An yanka shi gunduwa-gunduwa, domin an san za a katse ka. Mota za ta tsaya. Za a kira sunanka a layi. Da Nintendo ta fitar da na'urar DS a 2004, ta yi ta da murfi. Ka rufe murfin, wasa ya tsaya cak. Ka buɗe, ya ci gaba daga inda ka bari.

Kada kuma a ɗauka wasan aljihu na kaɗaici ne kawai. Pokémon, wanda ya fito a Japan a 1996, an gina shi ne a kan wata 'yar waya da ake haɗa Game Boy biyu da ita. Yara biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa, su yi musayar halittun da suka kama. Akwai waɗanda ba za ka samu ba sai ta hannun aboki.

A ƙasashenmu, na'urar aljihu da ta fi yaɗuwa ita ce wayar salula. Manya da yawa ta nan suka fara, da wasan macijin nan na wayar Nokia, wanda ke ƙara tsawo duk lokacin da ya ci abinci. Yau kuwa matasa na buga PUBG Mobile, da Free Fire, da Call of Duty a waya, da wasannin ƙwallo iri-iri.

Waya tana da nata halin. Ba ta da maɓalli, sai shafa gilashi. Yatsunka biyu na rufe wani ɓangare na abin da kake kallo. Don haka masu yin wasan kan rage maka aiki. Mutumin da kake juyawa a allo ya ɗauki kaya da kansa. Wani lokaci ya yi harbi da kansa. Zagayen wasa kuma a gajarta shi.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ina roƙon iyaye su kasa kunne. Yawancin wasannin waya kyauta ake sauke su. Amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya ba ka wasa kyauta, ta wata hanyar zai ci. Ko ya cika ka da talla, ko ya riƙa sayar maka da kaya a cikin wasan: riga, makami, fitaccen ɗan ƙwallo. Akwai ma akwatin sa'a, wanda za ka biya ba ka san abin da ke ciki ba. Wannan ya yi kama da caca sosai, har ƙasar Beljiyam ta ɗauki mataki a kansa a 2018. Irin wannan tsarin yana shafar wasan kansa. Ana gina shi yadda za ka riƙa dawowa kullum, ana yi maka alkawarin kyauta in ka leƙo gobe. Wasan da aka saya gaba ɗaya burinsa ka ji daɗi ka gama. Wasan kyauta burinsa kada ka gama.

Wannan shi ne mazauni na biyu. Yana bin ka duk inda ka je, yana girmama ƙarancin lokacinka, amma yana bukatar ka sa ido a kan aljihunka.

Sai mazauni na uku, kan tebur. Wato kwamfuta.

Ita kwamfuta ba don wasa kaɗai aka yi ta ba, kuma ba ta da mai gida ɗaya. Kowa na iya rubuta mata wasa, ba sai ya nemi izinin wani ba. Kowa na iya buɗe cikinta ya sauya kaya. In hoton wasa ya yi rauni, ka sayi sabon katin hoto ka saka. In ma'ajiya ta cika, ka ƙara wata. Wasan da aka yi shekara ashirin da suka wuce, sau da yawa yana nan yana aiki. Kantin Steam, wanda kamfanin Valve ya buɗe a 2003, cike yake da dubban wasanni, manya da ƙanana, kuma ana yawan karya farashi.

Mai kwamfuta yana zaune ne dab da allo. Hannu ɗaya a kan allon maɓallai, ɗaya a kan linzami. Wannan zaman ya haifar da wasannin da ba su cika jin daɗin zama a talabijin ba. Wasannin dabara, inda kake jagorantar runduna, ko gina birni, ko tafiyar da ƙasa. Suna da ƙananan rubutu, da taswira, da lissafi. Suna son mai haƙuri. A Koriya ta Kudu, wasan StarCraft da ya fito a 1998 ya zama abin gasa na ƙasa. Shagunan kwamfuta suka cika da matasa. Aka riƙa nuna gasar a talabijin, 'yan wasa suka zama taurari masu albashi.

Amma babban abin da kwamfuta ta fi sauran da shi, shi ne wannan: tana ba ɗan wasa damar zama maƙeri. A 1993 wani ƙaramin kamfani a Amurka ya fitar da wasan Doom. Da gangan suka tsara shi yadda mutane za su iya ƙirƙirar nasu filayen wasan su raba wa juna. Daga nan al'adar yi wa wasa kwaskwarima ta bunƙasa. A 1999 wasu matasa biyu suka ɗauki wasan Half-Life suka sauya shi, suka fitar da Counter-Strike. Kamfanin da ke da asalin wasan ya saye aikin nasu, ya kuma ɗauke su aiki. Har yau ana gasar duniya a kansa. Shi ma Minecraft, wani mutum ɗan ƙasar Suwidin, Markus Persson, ya fara shi a kwamfuta a 2009. Bayan shekara biyar Microsoft ta saye shi a kan dala biliyan biyu da rabi.

Ku ji wannan da kyau, matasa. Duk wasan da kuke bugawa a PlayStation ko a waya, a kan kwamfuta aka rubuta shi.

Sai dai 'yancin nan ma yana da nasa nauyin. Kwamfutar da za ta ɗauki manyan wasannin zamani tana da tsada ƙwarai. Kwamfutar ofis ko ta makaranta ba lalle ta iya ba. Za ka sayi wasa ya ƙi tashi, ka kwana kana neman dalili. Masu maguɗi a wasannin intanet sun fi yawa a nan, domin ƙofa a buɗe take. Kuma wasannin sata da ake kwafa a kasuwa sukan zo da cutar kwamfuta, wadda ke iya lalata aikinka ko ta kwashe bayananka.

To, mun zagaya mazaunan uku. Yanzu ga wata gaɓa mai muhimmanci. Me ke faruwa idan wasa ɗaya ya shiga dukkan ukun?

Amsa ita ce, suna ɗaya ne, amma wasan ba ɗaya ba ne. Ku ɗauki ƙwallon ƙafa. A gaban talabijin, kai ne ɗan wasa, kana yanka, kana bugawa, abokinka na gefenka. A waya, an rage maɓallai, an gajarta lokaci, hankali ya koma kan tara 'yan wasa. A kwamfuta kuwa akwai Football Manager, inda ba ka taɓa ƙwallo ko sau ɗaya. Kai ne koci. Kana sayen 'yan wasa, kana tsara dabara, kana duba kasafin kulob. Ƙwallo ɗaya, zama uku, wasa uku.

Ku ɗauki kuma wasannin harbi. Mai linzami yana kai hannu inda yake so cikin ƙiftawar ido. Mai latsawa da babban yatsa ba ya iya wannan saurin. Don haka a akwatin talabijin, wasan kan taimaka maka a ɓoye, ya ɗan ja saitinka zuwa ga abokin gaba. Yanzu da ake haɗa masu na'urori daban-daban a fili ɗaya, musu ya tashi. Mai kwamfuta ya ce ana taimakon mai hannu. Mai hannu ya ce linzami ya fi sauri. Kowannensu yana da gaskiyarsa.

Wani lokaci kuma wasa kan fi ƙarfin na'ura. A ƙarshen 2020 wani kamfani na ƙasar Poland ya fitar da Cyberpunk 2077. A kwamfuta mai ƙarfi ya yi kyau. A tsohuwar PlayStation 4 kuwa ya riƙa sarƙewa yana tsayawa. Koke ya yi yawa, har Sony ta cire shi daga kantinta na kusan wata shida, aka mayar wa mutane kuɗinsu. Darasin a fili yake. Kada ka sayi wasa don hoton da ka gani a talla. Ka tambaya yadda yake tafiya a irin na'urarka.

Wani zai ce, ai yanzu iyakokin sun fara gogewa. Haka ne, kuma ya kamata mu faɗa. A 2017 Nintendo ta fitar da Switch. Ka ɗora ta a mazauninta, ta zama ta talabijin. Ka zare ta, ta zama ta hannu. A 2022 Valve ta fitar da Steam Deck, kwamfuta ce sukutum da ake riƙewa a hannu. Wasannin da a da sai a PlayStation, yanzu wasunsu na zuwa kwamfuta.

Amma ku lura da abu ɗaya. Switch ɗin nan, da zarar ka zare ta daga talabijin, sai ta rage ƙarfinta da kanta. Tana tattalin batir, tana gudun zafi. Matsalar da Yokoi ya fuskanta a 1989 tana nan ba ta gushe ba. Ƙarfi na bukatar wuta, wuta na haifar da zafi, aljihu kuma ba ya ɗaukar babbar fanka. Na'ura na iya zama ɗaya, amma da zama ya sauya, sai wasa ya sauya.

Yanzu mu kawo maganar gida. Me wannan ke nufi ga mai saye a ƙasashenmu?

Na farko, wuta. Babbar akwatin talabijin ta zamani, haɗe da talabijin ɗinta, tana jan wuta sosai. Babbar kwamfutar wasa ta fi ta ja. In an ɗauke wuta kana tsakiyar wasa, komai ya tsaya, wani lokaci ma abin da ka adana ya lalace. Na'urar hannu da waya kuwa, ƙaramin sola ya ishe su. Wanda ke unguwar da wuta ba ta zama, ya sa kuɗin mai a cikin lissafinsa tun kafin ya saya.

Na biyu, data. Manyan wasannin yau akwai masu girman da ya haura gigabait 100. Ko ka sayi faifai, sau da yawa sai an sauke ƙari kafin ka fara. Wannan kuɗi ne da ba a rubuta a jikin kwali.

Na uku, zafi da ƙura. A watannin bazara, na'ura na wahala kamar yadda mutum ke wahala. Ƙurar hunturu kuma na toshe mata hanyar iska. In ka ji fankarta na ƙara kamar za ta tashi sama, tana neman shara ne da sarari. Kada a cusa ta cikin kabad. A rufe ta da ƙyalle in an kashe.

Sai ku, iyaye. Bambancin nan na mazauni ya shafi tarbiyya kai tsaye. Akwatin da ke falo, kowa na ganin abin da ake bugawa. Kwamfutar da ke kan tebur, ana iya ajiye ta inda ake wucewa. Amma waya tana shiga ƙarƙashin bargo. Yaro na iya kaiwa tsakar dare yana wasa, yana kuma hira da mutanen da bai taɓa gani ba, gida na barci. Na'urar da ta fi ƙanƙanta ita ta fi bukatar sa ido.

A jikin kwalin wasa, da kuma a kantin waya, akwai alamar shekaru. In kun ga lamba 3 ko 7, na yara ne. In kun ga 18, na manya ne, kuma ba a banza aka rubuta ba. Dukkan na'urorin nan suna da wurin da uba ko uwa za su ƙayyade lokaci, su kuma hana sayen kaya. Ku sa a nuna muku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa wasa na iya zama lalura, idan mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita shi a kan komai, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani. Mutane kaɗan ne ke kaiwa wannan matakin. Amma alamar a bayyane take: barci ya lalace, karatu ya ja baya, salla na wucewa, aike ya zama faɗa. Wasa nishaɗi ne na halal muddin ya san matsayinsa.

Jama'a masu sauraro, bari mu tattara. Akwatin talabijin ta taro ce da sauƙi. Na'urar aljihu ta tafiya ce da gajeren lokaci. Kwamfuta ta zurfi ce da ƙirƙira. Kowace an ƙera ta domin wani irin zama, zaman kuma shi ke tsara wasan. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Don haka kafin ka fitar da kuɗinka, ka tambayi kanka. A ina zan buga? Da wa zan buga? Wane lokaci nake da shi bayan aiki da karatu da ibada? Kuma wutar gidanmu da aljihuna za su ɗauka? In ka amsa waɗannan da gaskiya, ba za ka yi da-na-sani ba.

Iyaye, ku zauna da yaranku ko sau ɗaya. Ku karɓi hannun ku gwada. Ku tambaye su me suke bugawa, da wa suke bugawa. Yaron da aka saurara ya fi karɓar doka.

Ku kuma matasa, ina da fata a kanku. Muna da dambe, muna da kokawa, muna da langa da dara, muna da hawan salla da tatsuniyoyi masu yawa. Duk waɗannan za su iya zama wasa da harshenmu. Wanda Allah ya hore wa kwamfuta, ko tsohuwa ce, ya ware wani lokaci ya koyi yadda ake gina wasa. Ya fara da ƙarami, ya nuna wa abokai, ya gyara, ya sake. Ku buga, ku ji daɗi, amma ku sa ran wata rana a buga naku.

 Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a lokacinmu.